Buhu Biyun da Na Ƙi Ɗaure wa Naufar

Azumin bana ya zo mana da sauƙi. Har ƙarfe sha ɗaya na safe iska tana kaɗowa daga bakin ruwan Deira, mutum ya ɗaure kwali ashirin bai jiƙa riga ba. Abokan aikina sai hamdala suke yi, wai ba su taɓa ganin azumi mai daɗi irin wannan ba. Ni ma na gode wa Allah. Amma da an ce an ga wata, akwai azumi biyu da suke dawo mini a rai. Ɗaya a nan Dubai na yi shi, 'yan shekarun da suka wuce. Ɗayan kuwa a ƙauyenmu na ƙasar Kura, yau sama da shekara arba'in. Da can ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba. Naufar ne ya haɗa mini su, ranar da ya dire buhu biyu a kan sikelina.

Sunana Sama'ila. Ni ne babban masu ɗaurin kaya a siton kago na Alhaji Bala, a wani lungu bayan Murshid Bazaar. 'Yan kasuwa su sayo kaya, takalma ne, atamfa ce, turare ne, mu kuma mu auna, mu ɗaure, mu rubuta suna, mu cusa a kwantena ko mu kai filin jirgi. Yawancin kayan Kano da Maraɗi suke nufa, amma Alhaji yana da abokan hulɗa masu kai kaya ƙasashen Asiya, don haka ba ma mayar da kowa.

Saura kwana goma a fara azumin waccan shekarar Naufar ya zo mana neman aiki. Ɗan Sri Lanka ne, daga gabashin tsibirin, inda Musulmi suke noman shinkafa. Ya kusa hamsin, siriri, baƙi kamar mu, furfura ta fara cin gemunsa. Alhaji ya dube shi ya ce ya tsufa da ɗaukar kaya. Ni kuwa da muka gaisa na ji tafin hannunsa kamar ɓawon bishiya, na kalli dunduniyarsa duk faso. Na ce, "Alhaji, wannan manomi ne. Ba zai guji nauyi ba." Aka ɗauke shi, aka ba shi gadon sama a fulat ɗinmu na Abu Hail, a kan na Isuhu, mutumin Maraɗi da muka daɗe muna aiki tare.

Da guntun Turanci da guntun Larabci muke magana da shi, abin da ya rage hannu ya ƙarasa. Tun ranar farko yake kirana Kaka. Isuhu ya yi dariya har da ƙwalla, ya ce, "To Sama'ila, Allah ya ba ka jika mai furfura." Ashe a yarensu haka ake kiran yaya. Sunan ya bi ni har yau.

Azumi yana da kwana shida, da hantsi, sai ga shi ya sauko daga bayan wata a-kori-kura da buhu biyu. Ya yi amfani da ranar hutunsa ya tafi can bayan gari wajen masu sayar da furanni da ciyawar ado, ya sayo. Tun kafin in karanta rubutun jikin buhun hancina ya gaya mini ko mene ne. Yuriya ce.

Ya ce, "Kaka, auna. Jirgin ruwa. Zuwa gida."

Na ce, "Naufar, wannan ai taki ne."

"Taki ne."

"Ba ma ɗaukar sa. Ba mu kaɗai ba, ba wani kago a Deira da zai sa shi cikin kayan mutane. Sai da takardar izini, ta nan da ta can. In aka gan shi a tasha, kwantenar gaba ɗaya za a riƙe."

Ya matso kusa ya rage murya. Ya ce in juye shi a kwalaye, in rubuta sukari. Fari ne, ƙwayoyi ne, wa zai ɗanɗana?

Isuhu da yake yanka salatif a gefe ya ce, "Kai, c'est pas possible, ba zai yiwu ba, ɗan'uwa. So kake a rufe mana sito?"

Naufar bai ɗaga murya ba. Ya zaro waya daga aljihu ya miƙo mini. Bidiyo ne matarsa Fatima ta ɗauka a noman da ya wuce. Fadama ce shimfiɗaɗɗiya, ruwa kwance a ƙasa, itatuwan kwakwa a nesa. Shinkafar kuwa ba ta wuce gwiwa ba, ta yi ruwan ɗorawa tun daga tushe, ganyen ya ƙanƙance kamar tsintsiya. Ga wani tsoho da zane ɗaure a ƙugu yana tsaye a tsakiya, ba ya yin komai, kallo kawai yake. Ya ce mahaifinsa ne.

"Rana ɗaya, Kaka," in ji shi. "Mun kwana da taki, muka tashi babu. Shugaba ya ce daga yau ba za a ƙara shigo da takin zamani ƙasar ba, kowa ya koma na gargajiya, wai mu za mu zama na farko a duniya. Da kashin wace saniya? Su ne suka kawo wa ubana tarakta ya rabu da shanu. Su ne suka ba mu irin da bai san komai ba sai yuriya. Da muka yi kuka, sai aka raba mana wani ruwa a jarka mai warin ruɓaɓɓen kifi. Daga baya suka ce sun janye dokar. A baki suka janye. Babu dalar da za a shigo da shi. Yanzu Fatima tana shirin watsa iri. In wannan ya hau jirgi yau, zai isa kafin shinkafa ta yi ciki."

Ya riga ya ƙirga kwanakin jirgin da kwanakin shukar, ya ga sun haɗu. Ni kuwa idona yana kan wayar, amma ba gonarsa nake gani ba. Na san wannan launin. Ina da shekara goma sha takwas na fara ganin sa.

Kafin wannan shekarar, gero da dawa muke nomawa. Muna da bijimai biyu da saniya, da rani kuma Fulani su kwana a gonarmu su bar mana abin da suka bari. Ni nake kai takin gida a mangala, jaki yana gaba ina baya. Ba mu yi arziki ba, amma rumbu yana kai mu sabuwa. Sai malaman gona suka fara zuwa a kan babur, da takardu a hammata. Suka kawo sabon irin masara da takin zamani kusan kyauta. Gaskiya ne, masarar ta yi. Shekara uku muna ganin goyo biyu a kara ɗaya. Baba ya sayar da shanun ya yi rufin kwano, ya sayi keke, ya mayar da mafi yawan gonar gandu ta masara. Kowa a garin haka ya yi. Wa zai ga wannan zangarniya ya koma ɗaukar kashin jaki?

Sai shekarar zaɓe ta zo. Aka ce bana taki ba a sito za a saya kai tsaye ba, sai an rubuta suna, sunan kuma ta hannun mutanen jam'iyya zai bi. Baba ba shi da jam'iyya sai fartanya. Ya ce ai taki na gwamnati ne, gwamnati kuma ta kowa ce.

Ruwan farko ya sauka da yamma, da iska mai tsige jinka. Washegari gari ya cika da ƙanshin ƙasa, muka fita shuka gaba ɗaya. Baba yana sara da sungumi, ni da Inna muna jefa iri muna rufewa da ƙafa, ƙanwata Talatu, 'yar shekara biyar, tana biye da mu da ƙwaryar iri a ka, tana zubar da rabi. Tsiro ya fito da kyau. Masara tana kai ƙauri aka ga watan azumi.

Wanda bai yi noman fari da azumi a baki ba bai san ƙishirwa ba. In aka yi ruwa, rana ta fito, ƙasa ta riƙa huci kamar tukunyar da aka buɗe. Da an sallame asuba muke fita, mu sunkuya, ba ma ɗagowa sai rana ta take tsaka. Harshe ya manne a dasashi, gumi ya bushe ya bar gishiri a wuya. Ranar gayya mu ashirin muke jeruwa a kunya, ba kiɗa ba fura saboda azumi, ba abin da kake ji sai ƙarar fartanya da nishin maza. Da azahar mu kwanta a gindin ɗorawa, wani ya jiƙa rigarsa a kududdufi ya rufe fuska. Da an ga rana ta faɗi, Inna ta miƙo kunun tsamiya, ka ji shi yana sauka har yatsun ƙafa.

Muna gama noman fari lokacin zuba taki ya yi. Muka kama hanyar hedikwata ni da Baba, shi yana tuƙa keke ina bayansa, in yashi ya yi yawa mu sauka mu tura. Siton yana bayan ofis, dogo, da ƙofar ƙarfe. Manoma sun fi ɗari a zaune a rana. Ba a ɓoye takin ba, wallahi. Ta ƙasan ƙofa kana hango buhunan a jere har rufi, warinsa yana shiga ido. Ma'aikacin ya leƙo ya ce a dawo jibi, mai makulli ya yi tafiya. Muka dawo jibi. Aka ce takarda ba ta sauko ba. Sau tara muka je, duk da azumi. A zuwa na biyar muna zaune aka buɗe ƙofar, mota babba ta ja baya har bakin siton, aka loda ta taf, aka rufe da tamfol, ta nufi hanyar birni.

A zuwa na bakwai wani mutumin garinmu, wanda ya zama idon jam'iyya, ya iske mu. Sa'an ƙanin Baba ne, a gaban Baba ya girma. Ya tsaya da babbar riga yana kaɗa makullin mota, ya ce, "Malam Garba, kai ma ka cika taurin kai. Kati kawai za ka yanka, a gan ka a taro. Mene ne a ciki?"

Baba ya ce, "Masarar ce za ta jefa ƙuri'a, ko ni?"

Ya yi dariya ya ce, "To, a sha ruwa lafiya."

Kafin Sallah ganyen ƙasa ya fara ja da baya. Launin ya hau sama a hankali, ganye bayan ganye, har gonar ta koma kamar wadda aka watsa wa garin ɗorawa. Wuta-wuta ta fito a tsakanin kunya da furenta mai kyau, kamar tana yi mana dariya. Muka kwashe toka da kashin awaki da sharar gida muka zuba, ko kwatar gonar bai kai ba. Sai kuma ruwa ya ɗauke kusan sati uku. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin a gabas, mu tattara shanya, iska ta zo ta watse shi. Masarar da ba ta ƙoshi ba ba ta jure ƙishi. Ta fitar da kai tana iya ƙugu, goyon kamar babban yatsa.

Rumbu ya ƙare bayan ƙaramar Sallah da kaɗan, don mun saba dogara da masarar da take nuna da wuri. Inna ta koma auna tsaba da gwangwanin madara. Da safe ta tafi bakin gona ta tsinko tafasa da rama, ta dafa, ta matse, ta barbaɗa ɗan ƙuli in akwai, in babu gishiri kawai. Dusar da muke ba awaki ita ta koma tuwo. Azumi ya wuce amma ba mu daina yin sa ba, bambancin kawai babu lada a rai kuma babu kunu da magariba. Talatu ta daina wasa. Gashinta ya yi ja, ƙafarta ta kumbura, in ka danna yatsa sai wurin ya lotsa. Da ruwa ya dawo da ƙarfinsa a malka, gudawa ta kama yaran gari. Masu ƙwari suka tashi. Talatu kwana huɗu ta yi. Ni na ɗauke ta a hannu zuwa maƙabarta, ba ta kai nauyin damin rama ba.

Saura sati ɗaya zaɓe aka kawo takin. Da kiɗa aka kawo shi, da lasifika, da tutoci a jikin mota. Aka tara mu a filin makaranta, aka yi jawabi a kan yadda gwamnati take ƙaunar manomi. Ana kiran suna, kowa rabin buhu. A lokacin ko buhu ɗari ka zuba wa masarar nan, ta riga ta gama abin da za ta yi. Na ɗauka Baba ba zai tashi ba. Aka kira sunansa, ya tashi, ya je gaban mutumin nan mai makullin mota, ya rusuna, ya karɓa da hannu biyu ya ce, "An gode, Allah ya saka."

Yunwar na manta zafinta. Wannan "an gode" ɗin ce har yau ban manta ba. Ba Baba nake jin haushi ba. Yana da mata da ɗa da baɗi a gabansa, talaka ba ya mayar da kyauta. Waɗanda suka kai dattijo irinsa ga rusunawa, kwana ashirin da binne 'yarsa, su ne ban yafe wa ba, kuma ba na neman in yafe. Da kaka abin da muka samu bai cika rabin rumbu ba. Na bi 'yan cirani zuwa Kano na fara dako a kasuwa. Na ce wa Inna da ruwa ya sauka zan dawo.

Duk wannan ya ratsa ni ina riƙe da wayar Naufar. Na mayar masa, na ba shi labarin iya yadda harshena ya iya, rabi da hannu. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "To tunda ka sani, ɗaure mini."

Na ce, "Ba zan ɗaure ba."

Kwantenar nan akwai kayan mutum talatin a ciki, galibinsu mata masu aikin gida da suka shekara suna tara abin da za su aika wa 'ya'yansu. In aka riƙe ta saboda ƙaryata, su za su kwana a ciki. Na san ina da gaskiya. Amma ina sauke buhunan daga sikeli ina jin kaina kamar ma'aikacin nan da yake leƙowa ya ce a dawo jibi.

Kwana uku bai yi mini magana ba. A na huɗu muka sha ruwa a wani masallaci da 'yan ƙasarsu suke taruwa. Suna dama wani kunun shinkafa da madarar kwakwa da tafarnuwa, suna kiran sa kanji. Ya ɗauko kwano biyu ya ajiye ɗaya a gabana, ya zauna. Bayan mun sha ya ce, "A garinmu giwa tana shiga gona. Ta karya shinge, ta ci, ta tattake. Muna kunna wuta muna buga gwangwani. Amma ban taɓa jin giwar da ta cinye ƙasa guda ba, Kaka. Sai mutum mai farar riga."

Daga ranar bakinsa ya buɗe. Muna ɗaurin kaya yana ba ni labari. Ya ce an ciwo bashi an gina filin jirgin sama a yankin su shugaba, jirage ba sa sauka, har shinkafa aka taɓa ajiyewa a ciki. An gina doguwar hasumiya a babban birni don a gani daga nesa, alhali madatsar ruwan ƙauyensu ta cika da laka tun yana saurayi. Gida ɗaya ya riƙe mulki, wa da ƙani da ɗa, kowa da ma'aikatarsa. Isuhu ya ce, "Voilà. Ashe uwarsu ɗaya da namu."

Bayan Sallah zafi ya sauko irin na Dubai, wanda in ka fito daga ɗaki sai ka ji kamar an lulluɓe ka da jiƙaƙƙen bargo. Labarin gidan su Naufar kuma kullum sai ya fi na jiya muni. Gas ya ƙare, Fatima ta koma girki da ɓawon kwakwa. Wuta sai ta ga dama. Man tarakta babu. Mahaifinsa, tsohon nan, ya ɗauki jarka ya shiga layin gidan mai, kwana huɗu yana zaune a rana, da aka zo kusa da shi aka ce ya ƙare. Da hannu suka gyara rabin gonar, shi da Fatima da ƙaninta, rabin suka bar wa ciyawa. Rannan Naufar ya karanta a waya cewa gwamnati ta ba ma'aikatanta hutun ranar Juma'a su je su yi noma a bayan gida. Ya yi wata dariya da ta sa kowa a siton ya juyo. Ya ce, "Sun kori manomi ya zo yana ɗaure takalma, sun ba akawu fartanya."

Buhunan kuwa mai furanni ya ƙi karɓar abinsa. Suka zauna a kusurwar sito, laima ta shige su, suka daskare kamar dutse suna tsiyayar ruwa. Alhaji ya ce khalas, ya isa haka, a fitar masa da su kafin masu duba wuri su gani. Wani direba ya kai wa mai kula da lambun wani gida a Jumeirah. Takin da ya kamata ya ciyar da gida guda, ciyawar da ba a ci ya ciyar, a kan yashi, don yara su buga ƙwallo. Naufar da kansa ya ɗora su a mota. Na so in taya shi ya ce in bari.

Ranar da jama'a suka kutsa fadar shugabansu muna hutun tsakar rana, muka taru a kan wayar Isuhu. Mutane kamar fari, wasu suna wanka a tafkin gidan, wasu sun kwanta a kan gadonsa. Isuhu yana tsalle yana cewa c'est fini, ta ƙare. Na duba Naufar na ga ko murmushi bai yi ba. Bayan kwana kaɗan aka ce shugaban ya bar ƙasar. Abin da Naufar ya ce kawai shi ne, "Ashe shi akwai mai a jirginsa."

Abin da suka girba a wannan noman bai kai su wata huɗu ba. Naufar ya zauna. Bizar ziyarar da ya shigo da ita ta koma ta aiki, ya ƙware har ya fi ni iya ɗaurin kayan fashewa. Layuka suka ƙare a ƙasarsu, taki ya dawo kasuwa da tsadar da sai wane da wane. Manyansu suna fitowa suna yabon 'yan ƙasar da suke aiki a waje, wai su ne ginshiƙi, su ne masu kawo dala. Da zaɓe ya zo, ba ɗaya daga cikinsu da ya iya jefa ƙuri'a daga nan. A shekara ta biyu mahaifinsa ya rasu da safe, aka binne shi kafin la'asar. Naufar yana cikin kwantena yana jera kwalaye aka kira shi. Muka yi masa ta'aziyya a bakin sito, ya wanke fuska ya koma ciki.

A shekara ta uku, wata rana muna cin abincin rana a kan kwali, ya ce ƙanin matarsa ya gaji, ya samu hanyar fita shi ma. Wani mai injin casa yana son gonar haya, shekara biyar. Fatima ta ce ya yanke shawara. Ya ce yana ganin zai bayar, ya ƙara shekara biyu ko uku a nan, in ya tara abin da ya tara sai ya koma. Sai ya dube ni ya ce, "Kai fa, Kaka? Da ruwan ya sauka, ka koma?"

Na ce, "Ban koma ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Na je jana'izar Baba. Na je ta Inna. Gonar yanzu gidan mai ce."

Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Na ce masa ni ma shekara biyu ko uku na ce. Na ce mai injin casa ba ya mayar da gona, haya sunan farko ne kawai. Na ce waɗanda suka yi maka wannan ba abin da suke so irin ka zauna a nan kana aika musu dala, ba ka zaɓe, ba ka tare hanya, ba ka tsaya a bakin ofis ka kira sunansu. Na ce ka tafi ka yi noman, in sun hana taki ka je ka zauna a ƙofarsu, kuma in sun ba ka kada ka ce an gode. Isuhu ya dafa ni ya ce, "Shwaiya, a hankali, Sama'ila, mutane na kallo." Na ce su kalla.

Bayan sati biyu Naufar ya shiga ofishin Alhaji ya ce a soke masa biza. Alhaji ya kira ni ya ce, "Kai ka zuga shi, ko? Ka raba ni da mafi kyawun ma'aikaci." Na ce ni ne, ranka ya daɗe. Ni na ɗaure masa kayansa da hannuna, kwali biyu, tukunyar girki da fitila mai aiki da rana da yadi na Fatima. Ya tafi kafin ruwan babban nomansu ya sauka. Ban san ko zai yi nasara ba. Ban yi masa alkawarin komai ba, ƙasar tasu ma ba ta yi masa ba.

Washegarin tafiyarsa na zo buɗe sito na tarar da mutum huɗu a tsaye a bakin ƙofa, kowa da takardunsa a leda. Duk 'yan ƙasarsu ne, sun ji an samu gurbi. Na kira na gaba, mai gilashi, rigarsa a goge, alƙalami a aljihu. Na tambaye shi aikin da yake yi a gida. Ya ce malamin firamare ne, shekara goma sha tara yana koyar da lissafi. Na ce yaran fa? Ya ce an haɗa ajinsa da na wani.

Na daɗe ina kallon sa. Sannan na miƙa masa salatif da wuƙa, na jawo kwali na ce, "Yalla, malam. Daga ƙasa ake farawa."